Rumbun Busassun Ganyaye na Tsibirin Java

A garin Cibinong, tsakanin Jakarta da Bogor a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, akwai wani gini da aka cika da kabad-kabad na ƙarfe. Cikin kowane kabad takardu ne masu kauri jere bisa juna. A kan kowace takarda an manna reshen wani tsiro da ya bushe, wani da furensa, wani da 'ya'yansa, a gefe kuma ga 'yar takarda mai ɗauke da sunan wanda ya tsinko shi, da ranar, da wurin, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Takardun nan dubban ɗaruruwa ne, wasunsu sun haura shekara 150. Sunan wurin Herbarium Bogoriense, kuma yana cikin manyan ma'adanan busassun tsirrai na kudu maso gabashin Asiya.

Wanda bai san aikin ba zai ce tarkace ne aka ɓata kuɗi wajen adanawa. Amma tarihin manjan da ake soya ƙosai da shi, da na maganin zazzaɓin cizon sauro da kakanninmu suka sha a asibitocin Turawa, duk sun ratsa ta lambun da ya haifi wannan rumbu. Darasin tarihinsa shi ne mallakar itace daban, mallakar saninsa daban, kuma wanda ya riƙe na biyun yakan ƙwace amfanin na farkon.

Amfanin busasshen ganye

Idan masani ya ce ya gano sabon nau'in tsiro, ilimin zamani bai yarda da bakinsa kawai ba. Sai ya ajiye samfurin da ya dogara da shi a wata ma'adana da kowa ya sani, ya bayyana inda ya ajiye. Wannan samfurin asali shi ne shaidar sunan har abada. Duk wanda ya zo daga baya yana shakkar ko itacen da ke hannunsa shi ne wancan, sai ya je ya gwada su gefe da gefe. Kamar takardar filin gado ce: in ta ɓace, gardama ba ta ƙarewa.

Misalin abin da rashin samfur ke jawowa ya faru a wani ƙaramin tsibiri mai suna Ambon, can gabas da Java. A tsakiyar ƙarni na 17 wani Bajamushe, Georg Eberhard Rumphius, ya isa can a matsayin ma'aikacin kamfanin cinikin Holan da ya mamaye kasuwar kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Ya duƙufa rubuta bayanin tsirran yankin, kimanin nau'i 1,200, yana tambayar masu magani da manoma da masunta. A 1670 ya makance. A 1674 girgizar ƙasa ta kashe matarsa da 'yarsa. A 1687 gobara ta cinye zane-zanensa. A 1692 jiragen yaƙin Faransa suka nutsar da jirgin ruwan da ya ɗauko littafin zuwa Turai, sai kwafin da aka bari a Java ya cece shi. Da littafin ya isa Holan, kamfanin ya kulle shi don kada abokan gasa su amfana. Rumphius ya rasu a 1702, ba a fara buga aikinsa ba sai 1741.

Bayan duk wannan wahala, an sami cikas guda. Bayani da zane sun tsira, amma babu tarin busassun samfura da za a koma gare su. Masana suka yi ta saɓani kan wane tsiro yake nufi a wane shafi. A 1913 aka tura wani masani ɗan Kanada, Charles Budd Robinson, ya bi sawun Rumphius a Ambon ya tsinko tsirran a inda ya ambata. A can aka kashe shi kafin shekarar ta ƙare. Da abin da ya tara ne Elmer Merrill ya fitar da littafin warware sunayen a 1917, shekara 215 bayan rasuwar marubucin.

Lambu a bayan gidan gwamna

A ranar 18 ga Mayu, 1817, jim kaɗan bayan Ingila ta mayar wa Holan mulkin Java, Caspar Reinwardt ya kafa lambun tsirrai a filin da ke jikin fadar gwamna a garin da Turawan ke kira Buitenzorg, wato "babu damuwa". Shi ne Bogor na yau, kimanin kilomita 60 kudu da Jakarta. Manufar ba ɓoyayya ba ce: a tattaro tsirran tsibiran, a gano masu amfani ga noma da magani, a gwada na ƙetare a ga wanda zai karɓi ƙasar.

Wurin ya dace da shuka, amma mugun wuri ne ga mai son busar da ganye. Har yau ana yi wa Bogor kirari da birnin ruwan sama. Ruwan da yake samu a shekara ya haura milimita 3,000, alhali na Kano bai cika kaiwa 1,000 ba. A irin wannan laima takarda na yin fumfuna cikin kwanaki, ƙwari da gara kuma ba sa hutawa. Dole masu tattarawa su matse reshe tsakanin takardu, su busar da shi a kan garwashi, ko su jiƙa shi da ispirit a cikin gwangwani har su fito daga daji, sannan a shafe shi da guba don ƙwari. Wannan wahala ta zama hujjar masu cewa a kwashe komai a kai Turai.

Babban mai wannan ra'ayi shi ne Carl Ludwig Blume, wanda ya gaji Reinwardt a 1822. Gwani ne, ya raɗa wa ɗaruruwan tsirran Java suna. Amma da zai bar tsibirin a 1826 sai ya tafi da tarin samfuran da aka tara. Da su aka kafa ma'adanar ƙasa ta Holan a 1829 a birnin Brussels, aka mayar da ita Leiden a 1830 lokacin da Beljiyam ta ɓalle. Blume ya zauna kan wannan taska har mutuwarsa a 1862, ya yi suna wajen hana wasu masana dubawa, yana kuma matsa lamba cewa duk abin da aka tsinko a tsibiran da kuɗin gwamnati a aiko masa. Sakamakon haka, mutumin da ke tsaye a gindin itace a Java sai ya jira wasiƙa ta yi watanni a teku kafin ya san sunan itacen.

Wanda ya ja da wannan tsari ba farfesa ba ne. Johannes Elias Teijsmann mai kula da lambu ne da ya zo Java a 1830 cikin ayarin gwamna, ya riƙe lambun kusan shekara 40 a lokacin da aka rage masa kuɗi, aka bar shi babu darakta. Shi da mataimakinsa Justus Karl Hasskarl suka sake jera itatuwan dangi-dangi, yadda mai nazari zai ga 'yan uwa kusa da juna. Suka buɗe ɗakin karatu a 1842, suka buɗe ginin busassun tsirrai a 1844. Teijsmann ya dage cewa Java ta riƙe nata kason na kowane tari. Daga nan aka sami abubuwa uku a wuri guda: itace mai rai, busasshen samfurinsa, da littafin da ya yi bayaninsa. Ƙasashen zafi kaɗan ne suka sami wannan haɗi a ƙarni na 19.

Kwakwa huɗu

A 1848 aka shuka dashen kwakwar manja guda huɗu a lambun. Biyu sun zo ta tsibiran tekun Indiya, biyu daga lambun Amsterdam, amma asalin itacen Afirka ne. Sunansa na kimiyya ma, Elaeis guineensis, gaɓar tekun Gini yake nuni. Aka yi musu lamba, aka rubuta girmansu da yawan 'ya'yansu, aka rarraba irinsu. Shekaru da dama ba a ɗauke su da muhimmanci ba. A gundumar Deli ta tsibirin Sumatra, masu gonakin taba sun shuka jikokinsu ne a bakin hanya don ado.

A 1911 wani ɗan Beljiyam, Adrien Hallet, wanda ya san itacen daga Kwango, ya lura cewa na Deli sun fi na Afirka tsoka da yawan mai, ya kafa gonar kasuwanci ta farko a Sumatra. A 1917 Bafaranshe Henri Fauconnier ya kafa tasa a Malaya da iri na wannan zuriya. Da yake duka daga itatuwa huɗu suka fito, sun yi kama da juna ƙwarai, abin da ya sauƙaƙa wa masu zaɓen iri aiki. Har yau wannan zuriya ta Deli ita ce uwa a mafi yawan irin da ake shukawa a manyan gonakin duniya.

Akwai labarin da ya zama ruwan dare a Nijeriya, cewa 'yan Malesiya sun zo bayan 'yancin kai suka ɗebi iri, suka koma suka wuce mu. Gaskiya ne masu bincike na Malesiya sun zo a 1973, tare da cibiyar binciken kwakwar manja da ke kusa da Benin, sun tattara iri daga dazuzzukan kudu don faɗaɗa zuriyar da suke da ita. Haka kuma a 1981 sun ɗauki wani ɗan ƙwaro mai barbarar furen kwakwa daga Kamaru. Amma kafin duk wannan, tun 1966 Malesiya ta riga ta sha gaban Nijeriya wajen fitar da manja. Tushen masana'antarsu ya girmi tarayyar Nijeriya kanta. Abin da suka fi mu shi ne shekara ɗari da ɗoriya na awo da rubutu da zaɓen iri ba tare da yankewa ba. Yau Indonesiya da Malesiya ke samar da sama da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, Nijeriya kuwa sai ta sayo daga waje ta cike giɓi.

Kuskuren suna mai tsada

Labarin kwinin ya fi nuna abin da ke faruwa idan aka kasa bambance nau'i da nau'i. Ana samun maganin daga ɓawon itacen sinkona na tsaunukan Andes a Kudancin Amurka. Darajarsa ga masu mulkin mallaka ta bayyana a 1854, lokacin da William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana bai wa mutanensa kwinin kullum, ya fito ba tare da zazzaɓi ya kashe masa Bature ko ɗaya ba. Shi ne daga baya ya zauna a Lakwaja. A wannan shekara ta 1854 Hasskarl ya iso Java da dashen sinkona da ya fitar daga Peru da sunan bogi.

Sai dai sinkona nau'i-nau'i ce, suna kama da juna a ido, suna kuma barbarar juna. Franz Junghuhn, wanda aka damƙa wa gonakin gwamnati, ya yaɗa wani nau'i mai saurin girma da aka raɗa wa sunan gwamna Pahud. Bayan an shuka ɗimbin itatuwa sai gwaji ya nuna kwinin da ke ɓawonsa bai taka kara ya karya ba. Shekaru da kuɗi suka tafi a banza.

Ceto ya zo daga wani mutumin Bolibiya, Manuel Incra Mamani, wanda ya san itatuwan tsaunin ɗaya bayan ɗaya. Shi ya zaɓo irin nau'in da ya fi kowanne ƙarfi, ya bai wa ɗan kasuwar Ingila Charles Ledger a 1865. Hukumomin Ingila ba su nuna sha'awa ba, gwamnatin Holan ta sayi kaɗan. A Java aka bi itatuwan da suka tsiro, ana auna ɓawon kowanne a ɗakin gwaji, ana ware masu ƙarfi, ana aura su a kan saiwar wani nau'i mai juriya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Java ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na ɓawon sinkona na duniya, kuma wata ƙungiyar masu gonaki da masana'antu da aka kafa a Amsterdam a 1913 ita ke yanke farashi. Nau'in ya ɗauki sunan Ledger. Mamani kuwa an kama shi a ƙasarsa a 1871 saboda tattara irin, aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa.

Zamanin Treub

Lambun ya kai ƙololuwarsa a hannun Melchior Treub, wanda ya zama darakta a 1880 yana ɗan shekara 29 bai cika ba. Ya gane cewa masanan Turai na rubuta dokokin rayuwar tsiro alhali ba su taɓa ganin dajin da ba ya sanin hunturu ba. A tsakiyar shekarun 1880 ya buɗe ɗakin bincike na musamman don baƙi, masana suka riƙa zuwa daga Jamus da Rasha da Ostiriya da sauran ƙasashe suna yin watanni. Ya kuma shawo kan masu gonakin rake da shayi da taba su riƙa biyan kuɗin bincike, tunda su ke cin moriyarsa.

A zamaninsa aka sami wata dama da ba a saba gani ba. A watan Agusta na 1883 dutsen Krakatau da ke mashigin teku tsakanin Java da Sumatra ya yi aman wuta, ya kashe mutum sama da 36,000, ya binne abin da ya rage na tsibirin da toka mai zafi. A 1886 Treub ya je ya tsinko abin da ya tsiro. Ya tarar da gansakuka ta shimfiɗu a kan toka, cikin tsibirin kuma tsirrai marasa fure, waɗanda iska ke ɗaukar ƙwayoyinsu, su suka fi yawa, a bakin gaɓa kuwa sai waɗanda igiyar ruwa ta kawo 'ya'yansu. Masanan Bogor suka ci gaba da komawa shekara da shekaru, kowane zuwa suna ajiye samfura. Wannan jerin shaida ya zama ginshiƙin nazarin yadda daji ke farfaɗowa bayan halaka. Da Cornelis Backer ya zo daga baya yana musun cewa wutar ta kashe komai da komai, an iya yin muhawarar ne saboda akwai abin da za a buɗe a duba.

Wani jami'in gandun daji, Sijfert Koorders, ya kawo dabarar da ta dace da dajin da itatuwansa ba sa fure lokaci guda. Tun daga ƙarshen shekarun 1880 ya riƙa buga wa dubban itatuwa lamba a sassan Java, ana komawa gare su a kai a kai har a sami ganye da fure da 'ya'ya na itace ɗaya. Shi da Theodoric Valeton suka fitar da littafin itatuwan Java mai juzu'i 13 tsakanin 1894 da 1914.

A nan ya kamata a tambaya: wa ke hawa itacen? Turawan da sunayensu ke kan littattafai ba su ne ke kutsawa daji suna gane itace daga ƙamshin ɓawonsa ba. 'Yan ƙasa ne, Sundawa da Jabawa, waɗanda ake kira mantiri, wasunsu sun gaji aikin daga iyayensu, suna iya faɗin dangin tsiro daga ganye guda. Sunayen gargajiya da amfanin magani da ke rubuce a gefen takardun daga bakinsu da na mutanen ƙauye suka fito. Kundin masu tattara tsirrai da Maria van Steenis-Kruseman ta wallafa a 1950 ya adana sunayen wasu daga cikinsu. Sannan duk wannan bincike ya girma ne a tsibirin da, daga 1830, aka tilasta wa manoma shuka rake da kofi da baba domin baitulmalin Holan. Ilimin na gaskiya ne, zaluncin da ya ɗauki nauyinsa ma na gaskiya ne.

Yaƙi da 'yanci

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna raunin irin waɗannan taskoki. A watan Maris na 1943 bama-bamai suka ƙone mafi yawan ma'adanar Berlin, tare da samfuran asali masu yawa na tsirran Kamaru da Togo da gabashin Afirka. A 1945 ta Manila ta ƙone ƙurmus. Ta Bogor ta tsira, duk da cewa Japan ta mamaye Java a 1942. Masana biyu 'yan Japan, Takenoshin Nakai da Ryozo Kanehira, su aka ɗora kan lambun da rumbun, suka kare su daga sojojinsu, har suka sa aka fito da wasu masanan Holan daga sansanin fursuna don su ci gaba da aiki. Hujjar Blume cewa Turai ce wurin aminci ta rushe tare da ginin Berlin.

Da Indonesiya ta karɓi cikakken ikonta a 1949, Kusnoto Setyodiwiryo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci lambun. Ya gaji gini cike da takardu amma ƙwararrun 'yan ƙasa ƙalilan, domin mulkin mallaka ya koya musu tsinkowa da mannawa, bai ba su damar raɗa suna ba. Cike wannan giɓi ya ɗauki shekaru. Cikin waɗanda suka taimaka akwai André Kostermans, wanda ya tsira daga aikin tilas na shimfiɗa layin dogo a Bama, ya karɓi zama ɗan Indonesiya, ya horar da matasa da dama, aka binne shi a cikin lambun a 1994. Mujallar Reinwardtia da aka fara a 1950 tana fitowa har yanzu, kuma masanan Indonesiya ke tafiyar da ita. A 2007 aka kwashe tarin zuwa sabon gini a Cibinong da tallafin Japan.

Aikin bai ƙare ba. Babban shirin rubuta dukan tsirran yankin, Flora Malesiana, wanda Cornelis van Steenis ya ƙaddamar a ƙarshen shekarun 1940, har yau bai kammala ba, dajin kuwa ba ya jira. Zuriyar kwakwa huɗun nan ta cinye miliyoyin hekta na dazuzzukan Sumatra da Borneo, kuma hayaƙin gobarar share daji ya turnuƙe yankin a 1997 da 2015. Akwai takardu a kabad-kabad na Cibinong da aka rubuta musu sunan wani daji, wanda in ka je yau ba za ka ga komai ba sai layukan kwakwa. Lambun da ya shigo da itacen shi ne kuma ya adana shaidar abin da itacen ya maye.

Samfuran asali na tsirran Java da Blume ya tafi da su suna Leiden har yanzu, ko da yake an ɗauki hotunan da yawa an sa a intanet. Haka na tsirran ƙasar Hausa da likita John Dalziel ya tattara kafin ya fitar da ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, manyan ma'adanan Birtaniya ne ke riƙe da su. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce ƙasa na da haƙƙin cin moriyar albarkatun halittunta. Amma mai neman haƙƙi sai ya iya nuna abin da yake da shi, da inda yake, da sunansa. Indonesiya na iya yin haka a yau saboda wani mai kula da lambu ya ƙi yarda a kwashe komai, kuma waɗanda suka biyo bayansa, Turawa da Japanawa da 'yan ƙasa, ba su bar gara ta ci takardun ba.